Majalisi na 14: Rigar Mahaddaci da Rufin Makaranta

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raya mu har muka riski wannan wata, Ya ba mu ikon kame baki da rana da tsayuwa da dare. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurarenmu a cikin birnin Maraɗi, da na Tibiri da Madarumfa da Gidan Rumji, da duk inda wannan murya ta iske mutum. Yau azumi 14. Rabin wata ya kusa shuɗewa, kuma mai hankali a irin wannan dare yakan zauna ya lissafa abin da ya tura gaba da abin da ya rage masa. Majalisinmu na yau roƙo ne, ba za mu ɓoye muku ba. Amma kafin mu miƙa ƙoƙon bara, wajibi ne mu bayyana dalili da hukunci, domin mai bayarwa ya bayar yana sane da abin da yake yi.

Imam Buhari da Imam Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya fi kowa kyauta, kuma kyautarsa takan kai maƙura a cikin Ramadan, lokacin da Mala'ika Jibrilu ke zuwa masa kowane dare suna bitar Alƙur'ani. Ɗan Abbas ya kwatanta alherinsa a waɗannan darare da iska sakakkiya, ya ce ma ya fi ta. Mu lura da yadda aka ɗaure abu biyu wuri guda: bitar Alƙur'ani da sakin hannu. Gwargwadon yadda karatu ya ƙaru, haka kyauta ta ƙaru. Saboda haka mutumin da ke sauke Alƙur'ani sau biyu ko sau uku a wannan wata, amma aljihunsa na nan a ƙulle kamar yadda Sha'aban ya bar shi, ya ɗauki rabin sunna ne ya bar rabi.

Ga abin da ya kawo mu. A bayan masallacin da muke wannan karatu akwai makarantar islamiyya wadda da yawanku kun san ta, wasunku ma a cikinta suka koyi Fatiha. Yara na zuwa da marece bayan sun taso daga lakkol, matan aure na zuwa da hantsi. Azuzuwa biyu na bulo ne, amma uku har yau rumfunan zana ne da kara. Kowace shekara idan damina ta kama, iska ta farko ke kwashe su, karatu ya tsaya sai bayan kaka. Idan kuma rani ya yi, karan nan ya bushe ƙayau, yara na zaune a ƙarƙashinsa, maƙwabta na hura wuta a bayan danga.

Ba sai mun tsawaita a kan haɗarin wannan ba, domin ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta cinye azuzuwan zana, yara kimanin 20 suka rasu, mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, irin wannan musiba ta auka a nan Maraɗi, yara sama da 20 suka riga mu gidan gaskiya. A cikin masu saurarenmu yanzu akwai waɗanda suka yi musu sallah, akwai waɗanda suka ɗauki makara. Allah Ya sanya su masu ceton iyayensu. Mun yi imani da ƙaddara, amma Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya umurce mu da riƙo da sababi, kuma amanar da ke wuyanmu ita ce kada mu sake zaunar da ɗan mutum a ƙarƙashin abin da muka san yana kamawa cikin ƙiftawar ido.

Kwamitin iyaye da malaman makarantar sun zauna sun yanke shawara. Ranar 26 ga wannan wata, bayan sallar la'asar, za a yi musabaƙar karatun ɗalibai a filin masallaci. Akwai rukunin izu 2, da izu 10, da izu 20, da izu 60. Akwai rukunin kyawun rubutun allo. Akwai na Ahlari da Ishmawi da Hadisai Arba'in na Imam Nawawi. Alƙalai za su karɓi ruwayar Warshu da ta Hafsu baki ɗaya, don kada ɗan tsangaya ya ga an mayar da shi baya saboda karatun da ya gada. Bayan an raba kyaututtuka za a buɗe asusun gini a gaban jama'a, kowa ya faɗi abin da zai iya, kwano ko siminti ko katako, har a rufe azuzuwan nan uku kafin ruwan farko.

To, ina kyaututtukan za su fito? Kwamiti ba shi da wata taska sai kuɗin Laraba da yara ke kawowa, waɗanda ko alli da tabarma ba su isa ba. Idan aka ɗebi kuɗin gini aka sayi kyauta, an rage kwano daga rufi. Idan kuma aka yi musabaƙa hannu wofi, an karya zuciyar yaron da ya shekara yana tilawa. Wannan giɓin ne muka zo roƙonku ku cike. Kyautar da ka bayar tana aiki biyu: tana faranta ran mai karatu, kuma tana tara iyaye da maƙwabta a wurin da za a yi maganar rufi, don uwar da ta san za a kira sunan ɗiyarta ba ta zama a gida, kuma ba ta zuwa ita kaɗai.

Wani zai ce: me ya haɗa Alƙur'ani da kyauta? Ashe ba don Allah ake karatu ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin tarihin magabata. Imam Buhari ya kawo labarin Amru ɗan Salama, yaro ɗan shekara 6 ko 7, wanda mutanensa ke zaune a bakin hanyar matafiya. Yakan tare ayari ya ji abin da suka ɗauko na Alƙur'ani ya haddace. Da ƙabilarsa ta musulunta, aka duba ba a sami wanda ya fi shi karatu ba, sai suka gabatar da shi. Ba hukuncin limancin yaro muke magana ba a yau, wannan yana da wurinsa a littattafan fiƙihu. Abin da muke so ku ji shi ne, mayafin da ke jikinsa gajere ne, idan ya yi sujada yakan janye, har wata mata ta yi magana a kan a suturta musu makarancinsu. Sai jama'a suka saya masa riga. Amru da bakinsa, bayan ya girma, ya ba da labari cewa bai taɓa murna da wani abu ba kamar murnarsa da wannan riga. Jama'ar gari ce ta ga mahaddacinta ba shi da sutura ta ji kunya, kuma mace ce ta fara magana.

Haka nan labarin Ummu Halid, ɗiyar Halid ɗan Sa'id, wadda aka haifa a ƙasar Habasha. An kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, tufafi, a ciki akwai wani ƙaramin mayafi baƙi mai ado. Ya tambayi sahabbai wa suke ganin ya dace da shi, suka yi shiru, sai ya ce a kawo masa Ummu Halid. Aka ɗauko ta tana yarinya, ya sanya mata da hannunsa, ya yi mata addu'ar tsawon rai, yana nuna adon mayafin yana yaba shi da kalmar Habashanci da ta saba ji. Ita ce ta ruwaito wannan da kanta bayan shekaru. Abin da babba ya miƙa wa yaro a gaban mutane ba ya gogewa daga zuciyarsa.

Sahabiya Rubayyi'u ɗiyar Mu'awwiz ta faɗa cewa sukan sa ƴaƴansu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Yaro da abin da ido ke gani ake jawo shi, ikhlasi kuwa tare da shi yake girma idan ya sami mai tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kanmu, wane ne a cikinmu bai ƙara ƙwazo ba saboda sadakar da ake yi ranar da ya kai wata sura, ko saboda allon zayyana da rigar ranar sauka? Iyayenmu sun san abin da suke yi. Aikin malami ne ya riƙa tuna wa ɗalibi cewa keken da ya ci zai tsufa ya karye, amma harafin da ya karanta don Allah yana nan a rubuce. Aikinmu mu kuma mu kawo keken.

Sai batun hukuncin gasa da kyautarta. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da sauran littattafai, Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ware wa horarru zangonsu daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, ya ware wa waɗanda ba a horar ba zango gajere. Daga nan muka koyi raba rukuni, kada a haɗa mai izu 2 da mai izu 60. Ya kuma taɓa jarraba sahabbansa da tambaya a kan iccen da ya yi kama da mumini. Ɗan Umar ya gane dabino ne amma kunya ta hana shi magana a gaban manya, da ya faɗa wa mahaifinsa daga baya sai Umar ya nuna masa cewa da ya amsa, da ya fi masa dukiya mai yawa daɗi. Hadisi ya ambaci kyautar tsere a kan harbi da raƙuma da dawaki, saboda da su ake kare addini a wancan zamani. Malaman Hanafiyya, da Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun haɗa gasar ilimi da waɗannan, tun da addini da hujja yake tsayuwa. A kan wannan aka gina musabaƙar Sarki Abdul'aziz da ake yi a Makka tun 1979, da wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986.

Sharaɗin da muka riƙe shi ne kyauta ta fito daga hannun wanda ba ya cikin gasar, kuma kada a karɓi ko dala daga yaron da zai shiga. A nan ne muke so mu yi bayani a kan shawarar da wasu masu son alheri suka kawo, cewa a buga tikitin tambola kamar yadda ake yi a bukukuwan wasu makarantu: kowa ya sayi tikiti dala ashirin, a juya, mutum ɗaya ya tafi da babur ko firiji, saura ya shiga asusu. Mun gode da niyyarsu, amma kwamiti bai karɓa ba. Duk inda mutum ya zuba kuɗi yana tsakanin ya ci na wasu ko a ci nasa, kuma sa'a ce kaɗai ke rabawa, wannan caca ce, ko da an sa mata sunan makaranta. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya da gumaka ta ce a nisance su. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Mun san tambola ta fi saurin tara kuɗi. Mun zaɓi mu daɗe muna roƙo da mu rufe ɗakin karatun Alƙur'ani da kwanon caca. Ƙuri'a wadda ba a zuba kuɗi a cikinta ba ita ba laifi, kuma da ita za a raba idan yara biyu suka yi kunnen doki a kan kyauta guda.

Yanzu me ake buƙata? Muna fara da alhazan birni da manyan ƴan kasuwa, waɗanda Allah Ya buɗa wa ƙofar Kwatanu da Kano da Dubai. Manyan kyaututtuka na wuyanku: keken hawa ga yaron da ke tahowa daga bayan gari, keken ɗinki ga budurwar da ta haddace izu 60, buhun shinkafa da zai shiga gidan da mahaddaci ya fito. Masu shagunan littattafai na bakin masallacin Juma'a, muna jiran Alƙur'anai, bugun Warshu da na Hafsu, da Iziyya da Risala ta Ibnu Abi Zaid. Masu yadi da atamfa na babbar kasuwa, ku tuna da rigar Amru. Yadinku ya iso kafin 20 ga wata, don kun san halin teloli a goman ƙarshe, kuma muna so yara su sa kayan ranar idi. Telan da ba shi da yadin bayarwa ya ɗauki ɗinkin riga biyu kyauta. Masu kayan lantarki, fitila mai aiki da hasken rana ta fi komai amfani ga yaron da ke tilawa bayan isha'i a gidan da ba wuta.

Makiyaya da manoma, kada ku ce wannan zancen mutanen birni ne. Jar akuyar Maraɗi sunanta ya kai ƙasashe saboda fatarta da yawan haihuwarta. Idan ka ba yarinya guda, ka ba ta jari, shekara ta kewayo ta ga ƴaƴa. Tiyar hatsi ko ta wake kyauta ce. Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ƙosai, sabulu guda, hijabi guda, kaye da bik, duk suna da yaron da ke jiransu. Ranar wani idi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya je sahun mata ya kwaɗaitar da su sadaka, suka riƙa cire ƴan kunne da zobba suna jefawa a cikin tufan Bilal. Ba mu ce ku cire na kunnenku ba, amma mun san gidan da mace ta yi niyya ba ya fitowa hannu wofi.

Wanda kuma ba shi da komai sai ƙarfinsa, shi ma da rabonsa. Abu Mas'ud ya ba da labari cewa da aka umurce su da sadaka sukan tafi kasuwa su yi dako su kawo abin da suka samu. Wani ya kawo ɗan abin da bai wuce sa'i ba, munafukai suka yi masa dariya. Wani ya kawo mai yawa, suka ce riya ce. Allah Ya saukar da aya ta 79 a Suratut Tauba Ya kare masu bayarwar duka biyu, Ya mayar da izgilin kan masu yin sa. Saboda haka magini ya ba da kwana biyu, mai walda ya ɗauki taga guda, mai amalanke ya kawo yashi, ɗan garuwa ya kawo ruwan kwaɓi, ɗan kabu-kabu ya ɗauko alƙalan musabaƙa ya mayar da su. Da yayyafi kogi kan cika. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Abijan da Lome da Agadas da Aljeriya, idan wannan magana ta iske ku ta waya, ku aiko ta hannun danginku a rubuta da sunan da kuke so.

Akwai abubuwa uku da kwamiti ya roƙa mu faɗa a fili. Na farko, kyautar ƴan mata za ta yi daidai da ta maza a kowane rukuni. Mai kawo keke ɗaya ya ce lalle sai namiji, muna roƙonsa ya bar wa alƙalai. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u ta tsara ƴan taru, tana naɗa jajis da malfa da jan rawani su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Na biyu, duk yaron da ya hau tabarmar karatu zai koma gida da wani abu, ko sabulu ne da alƙalami, don kada maraya ya koma yana kuka ranar da ake murna da Alƙur'ani. Na uku, ba za a manta da malamai ba. Mutumin da ya shekara yana fama da ƴaƴanmu a kan kuɗin Laraba ya cancanci rigar sallah daga hannunmu ba tare da ya buɗe baki ba.

Sai ladubban bayarwa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummuna mu bayar, irin wanda mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Kada a share shago a kawo mana kayan da suka kwana biyu, madarar da lokacinta ya wuce, ko takalmi ƙafa ɗaya ya fi ɗaya. Abu Ɗalha, da ya ji aya ta 92 a Ali Imrana wadda ta ɗaure samun nagarta da bayar da abin da ake so, bai duba mafi ƙanƙantar gonakinsa ba. Bairuha'u ya bayar, lambun da ya fi ƙauna, wanda ke fuskantar masallaci, wanda Annabi ke shiga ya sha ruwansa. Haka kuma muna roƙo kada a kawo babbar waya a matsayin kyautar ƙaramin yaro. Iyaye sun san dalili.

Aya ta 264 a wannan sura ta gargaɗe mu kada mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Idan ka ba yaro keke, keken ya zama nasa. Ba ka sayi gaisuwar ubansa ba, ba ka sayi bakin limami ba. Ba za a liƙa hoton kowa a jikin kyauta ba, ba za a rataya tutar wata ƙungiya a filin ba. Wanda ya so a ambaci sunansa don wasu su yi koyi, za a ambata, aya ta 271 ta yaba sadakar bayyane. Wanda ya so a ɓoye, za a ɓoye, kuma ayar ta ce wannan ya fi masa alheri. Kowa dai ya binciki zuciyarsa, don Imam Muslim ya ruwaito cewa a cikin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai makarancin da ya yi karatu don a ce masa makaranci, da mai dukiyar da ya bayar don a ce masa mai kyauta. Wannan hadisi ya shafi yaron da ke kan tabarma, ya shafi alhajin da ke kan kujera, ya shafe mu da muke riƙe da wannan makirfo.

Kada kuma zafin taro ya sa mutum ya yi alkawarin da ba zai cika ba. An sha gani a tarurruka irin wannan, mutum ya miƙe ya ce kwano bandir guda, a yi kabbara, shekara ta kewayo ba a ga ko ƙusa ba, kwamiti na bin ƙofar gidansa kamar masu bin bashi. Saɓa alkawari na cikin alamomin munafuki da hadisi ya lissafa. Jika guda a hannu ta fi mana jika ɗari a baki.

Wata tambaya da ta iso mu: ko mutum zai iya sayen kyautar daga zakkarsa? Amsa ita ce a'a. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade gida takwas da zakka ke shiga, kuma a mazhabar Imam Malik da muke kai ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Kyautar musabaƙa ma haka, don mai cinta yana iya zama ɗan mawadaci. Idan ka san malami ko iyayen ɗalibi da ke cikin fuƙara'u, ka miƙa musu zakkarka hannu da hannu, wannan ya halatta kuma ya yi kyau. Zakkar fidda kai ita ma haƙƙin miskinai ce, sa'i guda na abincin gari a kan kowane rai, kada a karkatar da ita zuwa siminti. Abin da muke roƙo sadakar ganin dama ce, daga abin da ya rage bayan ka sauke wajibi ka ciyar da iyalinka.

Tun da mun roƙi amanarku, ga tamu. Ana karɓar kaya a zauren makaranta kullum daga bayan la'asar zuwa kusan shan ruwa, da kuma bayan tarawihi, har daren 25. Mutum uku ne ke zaune: ɗaya daga malamai, ɗaya daga iyaye maza, ɗaya daga iyaye mata. Duk abin da aka kawo za a rubuta a littafi a ba ka takarda, kada ka miƙa wa kowa komai a hanya da sunan makaranta. Alƙalan musabaƙa daga wasu unguwanni aka gayyato su, ba wanda ke da ɗa a cikin masu karatu. Juma'a ta biyu bayan sallah za a karanta lissafi a masallaci, abin da ya shigo da inda ya tafi, kuma littafin na nan ga duk mai son dubawa.

Ya ku jama'a, kwana uku suka rage mu shiga 17 ga Ramadan, ranar Badar, a shekara ta 2 bayan hijira. Bayan wannan yaƙi, fursunonin da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu. Musulmi a lokacin suna cikin tsananin buƙatar dirhami, amma aka ɗauki karatun yara a matsayin kuɗi. Imam Muslim ya ruwaito cewa aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Rufin ajin karatu ya tara ukun. Aya ta 261 a Baƙara ta buga misalin mai ciyarwa don Allah da ƙwaya guda da ta fitar da zangarniya 7, kowace da ƙwaya 100. Manomin da ya taɓa zuba iri a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya dawo da dami ya fi kowa fahimtar wannan lissafi.

Ya Allah, Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Ka sanya Alƙur'ani a zukatan ƴaƴanmu, Ka tsare su daga wuta ta duniya da ta lahira. Ka jiƙan yaran da suka rasu a wurin neman ilimi, Ka ba iyayensu haƙuri. Wanda ya bayar Ka mayar masa da mafi alheri, wanda ya yi niyya bai samu ba Ka rubuta masa ladan niyyarsa Ka buɗa masa. Ka saka wa malamanmu, rayayyu da matattu. Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya. Gobe in Allah Ya kai mu za mu ci gaba da bayani a kan i'itikafi da hukunce-hukuncensa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.